KONTAR ƊIN MOTA: SHAIDA ƊAYA BA TA ISA BA



Wanda ya je kasuwar dabbobi zai sayi raƙumi ko doki, ba ya tambayar dillali shekarun dabba ya tsaya nan. Yakan buɗe bakinta ya dubi haƙora, don kowa ya san dillali yana da rabo cikin ciniki, haƙori kuwa ba shi da rabo. Amma wannan mutum, ran da ya je sayen mota, sai ya leƙa ta taga, ya dubi lambar da ke bayan sitiyari, ya ce: "Kilomita dubu ɗari kaɗai ta yi, ai sabuwa ce." A ganinsa lambar nan ita ce haƙoran mota. To, yau ina so mu duba wannan ma'aunin tafiya da direbobi ke kira kontar: ina yake ajiye lissafinsa, yaya ake gyara lissafin, kuma me ya kamata hukuma da talaka su yi a kai.

ABIN DA YA JAWO MAGANA

Ina da ƙane, ɗan baffana, manomin albasa a wajen Galmi. Bai shiga lakwal ba, amma ya yi yaƙi da jahilci, yana karatu da rubutu da Hausa, yana lissafinsa da kansa. Shekara biyar yana tara ribar albasa, ya haɗa da kuɗin shanu biyu, ya zo Yamai ya sayi tsohuwar mota da aka shigo da ita daga Turai, don ta riƙa jigilar mutane tsakanin Tawa da Kwanni. Kontar ɗinta ya nuna kilomita 118.000. Dillali ya rantse masa cewa ta wata tsohuwa ce wadda ba ta zuwa ko'ina sai kasuwa.

Ba ta yi wata uku a hannunsa ba, sai bel mai haƙora na cikin inji ya tsinke tana cikin gudu, da mutum bakwai a ciki. Allah ya kiyaye rayuka, amma inji ya lalace. Da makanike ya buɗe, ya tarar da wata ƴar takarda manne a gefen inji, mai ya ɓata ta, da rubutun Faransanci. Ƙanen nawa ya ɓamɓare ta ya kawo mini, ya ce: "Yaya, kai ne mai fassara, duba mini abin da ke nan." Na duba. Takardar wani gareji ce ta can Turai, tana cewa an yi juyen mai ga motar tana da kilomita 241.000, shekara biyu kafin a sayar masa da ita. Da aka jona na'urar bincike, ƙwaƙwalwar inji ta ba da lissafin da ya zarce 260.000. Ya yi shiru, can ya ce: "Yaya, ashe lamba ma tana ƙarya?"

Lamba ba ta ƙarya da kanta. Rubutu ce, kuma duk abin da hannu ya rubuta, wani hannu yana iya shafe shi ya sake.

KONTAR NA DA, DA KONTAR NA YANZU

Tsofaffin direbobinmu da suka tuƙa Peugeot 404 sun san kontar na da. Wata igiyar ƙarfe ce mai lanƙwasa ke fitowa daga akwatin giya ta shiga bayan tabulo, wato allon agogunan da ke gaban direba. In mota tana tafiya igiyar tana juyawa, tana tura waɗansu ƙananan ganguna masu lamba daga sifili zuwa tara. In gangar farko ta yi zagaye ɗaya, sai ta tura ta biyu mataki ɗaya, haka har ta ƙarshe. Da yawa daga cikinsu ganga biyar gare su, saboda haka in sun kai 99.999 sai su koma sifili kamar ba a taɓa hawa ba. Mai son ha'inci a zamanin nan sai ya kwance allon ya juya gangunan da hannu. Sau da yawa asirinsa kan tonu, don lambobin ba su daidaita a layi ɗaya, ko kuma a ga ƙwarzane a kan kusoshi.

Motocin da ke shigo mana yanzu ba su da wannan igiya. Akwai wata ƴar na'ura a akwatin giya, ko kuma a kowace ƙafa in motar tana da birkin da ake kira ABS, wadda ke aika alamar lantarki duk lokacin da ƙafa ta juya kaɗan. Kwamfutar mota tana ƙirga alamun nan, ta san faɗin taya, sai ta mai da su mita da kilomita. Daga nan labari ya bi wayoyi biyu da ke haɗa dukan ƙwaƙwalen mota, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986 da sunan CAN, har ya iso tabulo. Abin da direba ke gani a gilashi hoto ne kawai na abin da aka ajiye a wani wuri.

Wannan wuri, a motoci masu yawa, wata ƴar ƙwaƙwalwa ce baƙa mai ƙafa takwas, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, a liƙe bayan allon. Amfaninta shi ne ba ta mantuwa: ko an cire batir shekara guda, abin da ke cikinta yana nan. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani, mai lamba 93C46, abin da take ɗauka duka bai wuce haruffa 128 ba, wato layi kaɗan na wannan jarida. A cikin wannan ɗan wuri ake ajiye tarihin tafiyar da mutum zai biya miliyoyin sefa a kanta.

Masu ƙira sun yi dabaru don lissafin kada ya ɓace. Kowane gurbi na ƙwaƙwalwar yana da iyakar rubutu da shafewa da zai iya jurewa, daga sau dubu ɗari zuwa miliyon ɗaya gwargwadon irinta. Don kada gurbi ɗaya ya gaji, sai aka rarraba lissafin a gurabe da yawa, ana rubutawa bi da bi, kamar manomin da ke juya shuka tsakanin gonakinsa. Kuma ba a rubuta lambar a fili yadda muke karanta ta. Akan juya ta, ko a haɗa ta da wata lambar tabbatarwa, yadda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko gurbi ɗaya ya lalace, kwamfuta za ta gane ta koma ga sauran. A sababbin motoci ma, sau da yawa lissafin yana cikin babbar ƙwaƙwalwar allon kanta, a kulle.

Abu mafi muhimmanci ga mai saye shi ne wannan: motoci da yawa ba su ajiye lissafin a wuri ɗaya. Mercedes tana ajiye shi a tabulo da kuma na'urar da ake sa makulli. BMW ta ajiye shi a tabulo da wata ƙwaƙwalwa dabam, har da cikin makullin a waɗansu motocinta, kuma a waɗansu irinta wani ɗan ɗigo kan bayyana kusa da lamba in allon da ke jikin motar ba nata ba ne. Ta kuma yi aiki da wata ƙwaƙwalwa mai lamba M35080, wadda aka ƙera da gurabe 16 da ke karɓar ƙari amma ba su karɓar ragi. A motoci masu shan gazuwal da dama, ƙwaƙwalwar inji tana da nata lissafi. Haka kuma in wata matsala ta faru, kwamfuta takan rubuta ta tare da kilomitan da mota ke da su a ranar. Ta irin wannan hanya ce aka gano gaskiyar motar ƙanena.

GYARA NA HALAL

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya taɓa kontar ɓarawo ne. Tabulo kaya ne, yana lalacewa kamar kowane kaya, balle a ƙasarmu inda mota ke yini cikin rana a watan Afirilu, ga ƙura, ga girgizar hanyar da ba kwalta. Gilashi kan dushe, dalma kan saki, wani lokaci a jona batir a juye a ƙone allon. Dole a sake wani. In sabo ne zai nuna sifili. In na wata motar da ta mutu ne, zai nuna tafiyar waccan motar. Duka biyun ba gaskiyar motarka ba ne, saboda haka sai an gyara.

Kamfanoni sun tanadi hanyar wannan gyara. A motocin Volkswagen da yawa, ana iya shigar da lissafin tsohon allo cikin sabo sau ɗaya tak, kuma sai in sabon bai kai kilomita 100 ba. Bayan nan ƙofa ta rufe. A waɗansu motocin sabon allo yana ɗauko lissafin da kansa daga ƙwaƙwalwa ta biyu. Makanikanmu kuwa, da yake yawanci kayan hannu suke samu, sukan cire ƴar ƙwaƙwalwar tsohon allo su liƙa ta a jikin wanda aka sayo, ko su kwafe abin da ke cikinta da na'ura. Wannan aiki ne mai kyau, mai buƙatar hannu da ilimi, kuma yana raya motar da da an yar da ita.

Akwai kuma gyaran ma'auni. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1,609 ne. Wadda ta nuna 100.000 ta yi kusan kilomita 161.000 ke nan. Wanda ya mai da lissafin zuwa kilomita daidai ya yi gyara. Wanda ya bar lambar yadda take ya ce wa mai saye kilomita ne, ya ci amana ba tare da ya taɓa waya ko ɗaya ba.

Ga inda wahala take. Na'urar da makanike nagari ke gyara da ita, ita ce maha'inci ke ragi da ita. Ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD, wadda aka wajabta a Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga motocin esansi da 2004 ga na gazuwal. An yi ta ne don bincike da gyara. Amma a motoci da yawa, mai na'urar da ta dace yana jona ta nan, cikin mintoci kaɗan ya rubuta lambar da ya ga dama, ba ƙwarzane, ba alama. Ƙwaƙwalwar nan da aka ce ba ta karɓar ragi ma, an samu masu shafe ta ko su musanya ta da wata. Waɗansu kuma suna ɓoye wata ƴar na'ura bayan allon, wadda ke tare labari a hanya, mota tana tafiya kontar yana ƙirga rabi ko ya tsaya cik. Duk kullin da mai ƙira ya yi, ba a daɗewa wani ya kwance shi. Saboda haka a ganina wanda ke jiran ranar da za a ƙera kontar da ba ya taɓuwa, zai daɗe yana jira.

WA KE ASARA?

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce. A'a, tamu ce, don motocinsu ne ke zama namu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyon 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Majalisar dokokin Tarayyar Turai kuwa, a cikin ƙudurinta na 2018, ta ƙiyasta cewa an taɓa kontar na kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari na tsofaffin motocin da ake sayarwa a cikin gida, amma na waɗanda ke ƙetare iyaka kashi 30 zuwa 50 ne. Dalili a fili yake: in mota ta ƙetare iyaka, takardunta sun tsaya a baya. To, in haka abin yake tsakanin ƙasashe maƙwabta masu waya da rajista, yaya ke nan ga motar da ta bar unguwar Heyvaert ta Buruksel, ta hau jirgi a tashar Anbers, ta sauka a Kwatano ko Lome, ta bi hannu huɗu ko biyar kafin ta iso Maraɗi?

Asara ta fari ta kuɗi ce. Mutum ya biya kuɗin budurwa ya kai tsohuwa gida. Wannan da tauye tiya a kasuwar hatsi duk ɗaya ne, sai dai shi a nan abin da aka tauye guzurin shekara biyar ne.

Asara ta biyu ta fi muni. Gyaran mota da kilomita ake auna shi. Mai ƙira ya faɗi bayan tafiya nawa za a juye mai, bayan nawa za a sake bel na inji, bayan nawa za a duba birki da ƙafafu. In lamba ta ce da saura, alhali lokaci ya wuce da nisa, mai mota yana bin littafi sau da ƙafa amma yana tafiya cikin duhu. Tsakanin Yamai da Damagaram akwai kusan kilomita 900. Motar haya da ke zuwa da dawowa sau ɗaya a mako tana cin fiye da kilomita 90.000 a shekara. Waɗanda ke zaune cikinta ba su sayi mota ba, ba su ga dillali ba, amma rayukansu na rataye ga wannan lamba.

Asara ta uku ta baitulmali ce, kuma a nan ina magana da ƴan'uwana ma'aikata. Da kilomita ake lissafin man motocin hukuma da na ayyukan raya karkara, da kilomita ake sanin lokacin gyaran motar ɗaukar marasa lafiya, da shi kuma ake sa kuɗi ran da za a yi gwanjon tsohuwar mota. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100, in aka ƙara mata kilomita 1.000 da ba ta yi ba, lita 120 ke nan sun fita ba su shiga tanki ba. In kuma aka rage, tafiyar da ba ta aiki ba ce aka ɓoye. Ba na zargin kowa. Ina cewa ne kawai ƙofar da aka bari a buɗe, ko ba a shiga yau ba, a shiga gobe.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Ƙasashen da suka rage wannan cuta, ba da sabuwar na'ura suka rage ta ba. Alƙalami suka sa.

Beljik ta yi doka a 2004, kuma daga Disamba 2006 ta fara aiki da takardar da ake kira Car-Pass. Duk garejin da ya taɓa mota, ko mai sa taya, ko wurin binciken lafiyar mota, dole ya aika lambar shasi da kilomita da kwanan wata zuwa rajista ɗaya. Ran da za a sayar wa mutum da motar, dole a ba shi takardar da ke jera lambobin nan duka, in ba a ba shi ba yana da ikon neman a warware ciniki. Mai ragi yana iya shafe abin da ke cikin mota, amma ba ya iya shafe abin da gareji goma suka rubuta cikin shekara goma. Da an ga 200.000 bara, bana kuma 120.000, magana ta ƙare.

Jamus ta mai da taɓa kontar don ɓata lissafi laifi tun 2005, da hukuncin tara ko ɗaurin da zai kai shekara ɗaya. Holan ta sa rajistar kilomita hannun hukumar rajistar motoci a 2014. Tarayyar Turai ta yi umurni a 2014, wanda ya fara aiki a 2018, cewa a rubuta kilomita a duk binciken lafiyar mota. Faransa ta buɗe HistoVec a 2019, inda mai mota ke fitar da tarihinta kyauta ta intanet ya nuna wa mai saye.

Amurka kuwa, tun dokarta ta 1972, ta yi wa gyara na halal ƙa'ida mai sauƙi wadda ta burge ni. In an sake kontar kuma ba a iya mai da shi kan lissafinsa na da ba, sai a sa shi a sifili, a manna takarda a jikin ƙofar hagu mai faɗin kilomitan da ke kai kafin gyara da ranar da aka yi shi. Cire takardar nan don yaudara laifi ne. Wannan ba ya buƙatar kwamfuta ko intanet. Takarda ce da gam.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ra'ayina shi ne kada a hana gyara, kada kuma a kama makanike don yana da na'ura. A hana gyaran da ba a rubuta ba. Abu huɗu nake roƙon hukumomin da abin ya shafa su duba.

Na fari, ran da mota ta shigo ƙasa, ma'aikacin duwan da ke rubuta lambar shasi ya rubuta kilomita kusa da ita, ya kuma faɗi ko mil ne ko kilomita. Wannan ita ce ranar haihuwar motar a wurinmu.

Na biyu, a duk bizit, wato binciken lafiyar mota, da duk lokacin da kartigiris ya sake suna, a rubuta kilomita a takardar mai mota da kuma rajistar hukuma. Mai saye ya samu damar tambayar lambobin baya da kuɗi kaɗan.

Na uku, makaniken da ya sake tabulo ko ya gyara lissafi ya ba da takarda mai sunansa da kwanan wata, da lambar da ya tarar, da wadda ya bari, da dalilin gyara, ya ajiye kwafi a littafinsa. Wannan kariya ce gare shi kansa, don ran da rigima ta tashi, littafin ne zai wanke shi.

Na huɗu, a motocin hukuma, littafin tafiya ya zama ana gwada shi da kontar kowane ƙarshen wata, kuma wanda ke gwadawa kada ya zama shi ke tuƙi ko shi ke ba da mai.

Na san abin da za a ce. Za a ce ragin tun a Turai ko a bakin teku aka yi shi, rajistarmu ƙarya za ta gada. Gaskiya ne, ba za ta warkar da abin da ya faru kafin iyaka ba. Amma mota takan yi shekara goma ko fiye a hannunmu, ta sake masu uku ko huɗu, kuma kowane ciniki dama ce ta sabon ragi. Wannan aƙalla muna iya tsai da shi. Game da na can kuwa, manyan masu shigo da motoci suna iya neman takardun da na ambata daga masu sayar musu, tun da akwai su. Ran da masu saye suka fara biyan motar da ke da takarda fiye da wadda ba ta da ita, ƴan kasuwa da kansu za su nemo ta.

Za a kuma ce ƙarin takarda ƙarin wahala ne ga talaka, da ƙarin hannuwan da za a miƙa. Wannan tsoro yana da tushe. Shi ya sa ban roƙi sabon biro ko sabon hatimi ba. Layi ɗaya na roƙa a kan takardun da ake cikawa tun da can. Kuma kada a mai da shi dalilin tare direba a hanya. Wurin amfaninsa ranar ciniki.

GA MAI SAYE

Kafin hukuma ta yi nata, ga naka. Kada ka yi cinikin biri a sama. Mota ma tana da haƙora, sai dai ba a bayan sitiyari suke ba. Dubi robar da ke kan matakin birki da kuloci, dubi sitiyari inda hannu ke kamawa, da kan giya, da gefen kujerar direba inda ake sauka. Motar da ta yi kilomita 80.000 ba ta cinye roba har ƙarfe ya fito. In kuma ka ga waɗannan duka sababbi fil a tsohuwar mota, ka tambayi dalili. Buɗe inji da ƙofofi ka nemi ƴan takardun da gareji ke mannawa, in ba ka jin harshen ka kai wa mai ji. A gefen taya akwai lamba huɗu da ke faɗin mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ka raba kilomita da shekarun motar, ka ga ko lissafin ya shiga hankali.

Sannan ka je da makanike naka, ba na dillali ba, ya jona na'ura ya tambayi ƙwaƙwalwar inji da ta birki da ta giya, ya gwada da abin da tabulo ya ce. Mai ragi sau da yawa allon kaɗai yake taɓawa, don taɓa sauran yana cin lokaci da kuɗi. In mai sayarwa ya ƙi a jona, ya riga ya ba ka amsa. Kuma in ka saya, ko lamba ta ce me, ka sake bel na inji da mai kafin ka ɗauki fasinja. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai biya ku. Ku sayi ɗan littafi ku ajiye cikin mota. Duk ran da aka juye mai, ko aka sa taya, ko aka yi gyara, ku rubuta kwanan wata da kilomita da abin da aka yi, makanike ya sa hannu. Ran da tabulo ya mutu, littafin ne zai faɗa wa mai gyara lambar da zai shigar. Ran da za ku sayar, shi ne zai tsaya muku shaida a gaban mai saye.

Ƙanena ya gyara injinsa da bashi, albasar bana ce za ta biya. Yanzu yana da littafi mai bango shuɗi a aljihun mota. A shafin farko ya rubuta da hannunsa lambar da kontar ke nunawa, ƙarƙashinta kuma lambar da aka samu a ƙwaƙwalwar inji, ya manna ƴar takardar nan ta gareji kusa da su. Na tambaye shi ko ba ya tsoron wannan zai rage wa motar kuɗi ran da zai sayar. Ya ce: "Zai rage, Yaya. Amma wanda zai saya shi ma ɗan wani ne, kuma mutane zai ɗauka."

Allah ya kiyaye hanya. Sai mun sake haɗuwa a wannan shafi.